Maɗaurin wuya mai launi-launi na 'ya'yan kyanwa: inda yake da amfani, inda yake da haɗari, da sunayen da ke tafiya da shi

A ce baƙar kyanwa ta haifi 'ya'ya biyar, dukansu baƙaƙe wuluk, ta mutu suna da kwana goma, aka kwaso su a kwali aka miƙa wa mai riƙo. Ƙarfe biyun dare ya tashi ba su madara, ido cike da barci. Ya ba uku, ya juya ɗauko tsumma, kafin ya waigo sun cakuɗe sun zama curi guda. Wanne ya sha, wanne bai sha ba? Saboda wannan tambayar ake sayar da 'yan siraran maɗauran wuya masu launi daban-daban, kuma saboda ita ne masu riƙo ke ɓata lokaci wajen zaɓen suna, ba don gayu kaɗai ba.

Riƙon 'ya'yan kyanwa tsari ne da ya kafu sosai a Amurka da Birtaniya. Ƙungiyoyi irin su ASPCA da Best Friends a Amurka, ko Cats Protection da ke aiki a Birtaniya tun 1927, ba sa son ajiye jariran da ba su kai mako takwas ba a cikin gini ɗaya da manyan maguna. Shayarwa duk bayan awa biyu aiki ne na kwana zaune, ga cututtuka na yawo daga keji zuwa keji. Sai su raba wa mutanen gari su riƙe a gida, kamar dai 'yar riƙo, har su yi ƙwari a nema musu gidan zama na dindindin. Daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da kyanwoyi ke haihuwa ba ƙaƙƙautawa a can, mai riƙo ɗaya na iya ganin ciki huɗu ko biyar sun wuce ta hannunsa. Wanda ya tsinci marayu a bayan buhunan sito, ko a ina yake a duniya, matsalarsa ɗaya da tasu.

Shi maɗaurin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Zirin Velcro ne, irin mannau ɗin takalmin yara, fuska ɗaya mai laushi, ɗaya mai ƙananan ƙugiyoyi. Faɗinsa kamar santimita 1, tsawon ƙaramin kamar santimita 20, akwai kuma masu tsawo. Ana sayar da shi a ƙunshi, galibi launi 12 ko 15, a Amazon da eBay da AliExpress, da sunaye barkatai amma kayan kusan iri ɗaya. Kuɗin ƙunshi bai kai na gwangwani ɗaya na KMR, madarar 'ya'yan kyanwa, ba. Abin da mai saye ya kamata ya sani tun farko shi ne don 'yan kwikwiyo aka fara yin sa, sannan aka ƙara kalmar kyanwa a jikin leda. Wuyan kwikwiyo kakkaura ne, kansa babba. Na ɗan kyanwa bai fi yatsa biyu ba, kuma yawancin aibin kayan daga nan ya taso.

Yadda ake ɗaura shi daidai: a zagaya wuyan da zare, a ƙara santimita biyu zuwa uku na inda bakin zai hau juna, a yanke daidai nan. Kada a bar jela tana reto da sunan zai girma ya cike ta, domin jelar nan ita ɗan'uwansa zai kama da baki ya ja. A raba zirin biyu ta tsawonsa, rabin santimita ya isa. A zagaye kusurwoyi huɗun da almakashi, don kusurwar Velcro na da kaifi, tana kartar ƙarƙashin haɓa. Fuskar laushi ce ke bin fata. In an manne, kan ƙaramin yatsa ya shiga tsakani da ɗan matsi, kada ya wuce haka. A sake gwadawa kullum, ba duk mako ba, tunda lafiyayyen ɗan kyanwa na ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, kusan giram 100 a mako. Maɗaurin da ya yi daidai ranar Asabar, ranar Laraba ya fara shaƙa.

Sako-sako ya fi matsewa haɗari, kuma nan ne sababbin masu riƙo ke faɗawa saboda tausayi. In ya yi sako-sako, ɗan kyanwar kan sunkuyar da kai yana lasar ƙirji, muƙamuƙin ƙasa ya shige ƙarƙashin zirin, ya maƙale a bayan fiƙoƙi kamar linzami, baki a buɗe, ya yi ta birgima ba ya iya kuka da ƙarfi. Ko kuma ya cusa ƙafar gaba ɗaya ta ciki, zirin ya koma ya ratsa ta hammata. Wannan na biyun ba ya nuna kansa da wuri: gashi ya rufe, kwana biyu uku ana gogayya, sai a tarar da rauni a hammata, wurin da ba ya saurin warkewa saboda kullum cikin motsi yake. Na uku shi ne farce. 'Ya'yan kyanwa ba sa iya mayar da farcensu ciki sai sun kai wajen mako huɗu, don haka farcen wani kan saƙale a zaren maɗaurin wani, su yi ta jan juna. Fuskar ƙugiyoyi kuma, da yake ita ke waje, tana manne wa bargo mai gashi-gashi, wanda shi ne shimfiɗar da kowa ke amfani da ita. Jariri mai giram 150 ba shi da ƙarfin ɓamɓare kansa daga bargo. In akwai uwa, harshenta mai kaushi kan kama zirin tana lasa, wata ma ta sa haƙori ta nemi cire shi da ƙarfi.

Ga hukuncin da duk wannan ya kai mu: lokacin da aka fi bukatar maɗaurin, wato makonni ukun farko na fida da tashin dare, shi ne lokacin da bai kamata a saka shi ba. Lokacin da ya zama ana iya saka shi, wajen mako huɗu, fiƙoƙi sun fito, tafiya ta daidaita, nauyi ya doshi giram 400 zuwa 450, tashin dare ya fara ƙarewa. Hoton da ke jikin leda, na jarirai ido a rufe kowa da launinsa, talla ce kawai.

Kafin mako huɗu akwai hanyoyin da suka fi shi, kuma kusan kyauta. Mafi sauƙi kwali biyu, kowanne da abin ɗumi a ƙarƙashin shimfiɗa: wanda ya sha, aka goge masa ya yi fitsari, sai a sa shi a na biyu. Wannan ya raba gardamar wanne ya sha, amma bai gaya maka wane ne wane ba. Don haka sai a rage gashi da almakashi mai dakusasshen baki, wuri kamar ƙwayar wake, a sa mataji tsakanin fata da almakashi: na ɗaya kafaɗar dama, na biyu kafaɗar hagu, na uku ƙugun dama, na huɗu ƙugun hagu, na biyar a bar shi haka. Alamar kan kai mako ɗaya zuwa biyu, uwa ba ta iya lashe ta, kuma yatsa na jin ta a cikin duhu. Jan farce na yara, mai narkewa a ruwa, a farce ɗaya na ƙafar baya, shi ma yana aiki in aka bari ya bushe sarai kafin a mayar, sai dai kwana biyu uku ya goge. Ɗigon alƙalamin maka marar guba a cikin kunne ya fi kyau a farare.

Lalle kuwa a'a, duk da shi hannu zai fara kaiwa. Sinadarin da ke ba shi launi na iya fasa jajayen ƙwayoyin jini, na kyanwa kuma sun fi na yawancin dabbobi saurin lalacewa da irin wannan, ga shi komai lasa suke. Baƙin lalle na kanti ya fi muni. Fentin da ake shafa wa raguna a kasuwa shi ma a bar wa raguna.

Daga mako huɗu zuwa takwas ne kayan ke biyan kuɗinsa. Lokacin yaye ne, kowa na tsoma fuska a faranti ɗaya, sai ka san wanne ke ci da gaske, wanne ke taka abincin kawai. Lokacin gudawa ne, ana bukatar sanin wanda aka gani a akwatin yashi. Maganin tsutsar ciki da ake maimaitawa duk mako biyu da nauyi ake auna shi, allurar rigakafi ta FVRCP ma kowa da ranar da aka rubuta masa. Wanda ke gefe ɗaya na ɗaki yana iya cewa mai kore ne ya yi amai ba tare da ya kama kowa ya juya ba. Ko a wannan shekarun, in za a bar su su kaɗai na awanni, gara a cire, alamar gashi ta tsaya a madadinsa.

Maganar launi 15 kuma a rage mata gishiri. A hasken tocila, shuɗi mai duhu da baƙi abu ɗaya ne. Ja da ruwan hoda mai turuwa da ruwan goro suna shiga juna. Fari da ruwan madara da rawaya mai haske, da zarar madara ta bushe a kansu kwana biyu, sun zama launi guda. In ana amfani da jar fitilar ɗumi, duk launukan sun tashi aiki. Akwai kuma mazan da ba sa rarrabe ja da kore, suna da yawa fiye da yadda ake zato, don haka in aikin na mutum biyu ne a tambaya. Abin da ke saura mai amfani na gaske kamar shida ne: ja, shuɗi mai haske, rawaya, kore, ruwan hoda, da fari in gashin mai duhu ne. Tunda ciki ɗaya galibi uku zuwa biyar ne, shidan sun wadatar. Wasu masu arha suna zuba in sun jiƙe, musamman ja, don haka a jiƙa su a ruwan ɗumi a kwana kafin a ɗaura wa farar kyanwa.

Wanki: a manne bakin, a cuɗa da sabulu da ruwan ɗumi, a bari ya bushe ƙayau. Danshi a ƙarƙashinsa na cinye gashin wuya. Amma in cikin ya kamu da makero ko fanlukofeniya, wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke kashe 'ya'yan kyanwa, a zubar da duk wanda ya taɓa jikinsu. Ruwan bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 32, a bar shi minti goma, yana kashe ƙwayar fanlukofeniya a kan tayil da roba da aka riga aka wanke, amma zaren Velcro na riƙe gashi da datti, ƙwayar kuma na iya shekara guda da ranta. Zirin da bai kai kuɗin sirinji ba bai cancanci a yi caca da ran ciki na gaba a kansa ba.

Abokan gasarsa biyu ne. Akwai na takardar Tyvek mai gam, irin wanda ake ɗaura wa majinyaci a hannu. Ba ya manne wa bargo, ana rubutu a kansa raɗau, asibitocin dabbobi shi suka fi so ranar fiɗiya. Aibinsa ba ya gyaruwa: in ya matse sai a yanke a sa sabo, kuma in aka yi sakaci gam ya taɓa gashi. Ba ya yagewa da sauƙi, wanda a wuyan ɗan kyanwa ba abin yabo ba ne. Na biyu shi ne mai maɓallin da ke ɓallewa da kansa in an ja. Don babbar mage aka ƙera shi, ɗan kyanwa mai rabin kilo ba shi da nauyin da zai ɓalle shi, sai ya rataye. Masu ƙararrawa ba ma abin tattaunawa ba ne.

Launi kaɗai ba ya riƙe lissafi

Maɗauri kan faɗi, kan baƙanta, a canza shi. In takardar awo ta ce "ja" da "kore" kawai, ranar da biyu suka faɗi tare lissafi ya ruɗe, kuma ruɗewar na iya ɓoye ciwo. Ɗauki misali: ranar Litinin ɗaya giram 220, ɗaya 212. Ranar Talata na farkon ya tsaya a 221, na biyun ya haye 231. In aka musanya su wajen rubutu, takarda za ta nuna ɗaya ya ƙara 11, ɗaya ya ƙara 9, kowa lafiya lau. A gaskiya kuwa ɗaya ya ƙara giram guda tak, kuma tsayawar nauyi ita ce alamar farko ta ciwo, tana zuwa kafin sanyin jiki da ƙin kama fida. Haka ma awon madara: cikin jariri na ɗaukar kamar mililita 4 ga kowane giram 100 na nauyinsa, don haka mai giram 180 wajen mililita 7 zai sha, mai 250 ya sha 10. In aka ɗura wa ƙaramin rabon babban, sai amai, ko gudawa, ko madara ta bi hanyar huhu.

Suna shi ke haɗa fuska da launi da layin takarda. Jigo kuma, wato a ɗebo sunayen ciki ɗaya daga gida ɗaya, shi ke raba ciki da ciki. Bayan wata uku, in likitan dabbobi ya kira yana tambayar allurar Kimba, mai riƙo ya san nan take 'yan kayan yaji ne, na watan Yuni, waɗanda suka yi mura. In da Luna ko Bella ko Milo ne, manhajar gidan dabbobin na iya fito da goma.

A nan mai jin Hausa ya ci riba, domin sunayen launukanmu da kansu sunayen abubuwa ne. Ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan toka, ruwan madara, ruwan zuma, ruwan bula, ruwan ganye. Cire "ruwan", sai ga jigo cikakke: Goro, Ɗorawa, Hoda, Toka, Madara, Zuma, Bula. Mai maɗauri ruwan goro shi ne Goro, ba wanda zai tambaya, ko yaron gida da aka bar wa tsaro na awa ɗaya. Sai dai Goro da Ganye kada su haɗu a ciki ɗaya, dalili na zuwa. Wannan ne jigon da ya fi dacewa da kayan, kuma shi za a fara da shi in 'ya'yan duk kama ɗaya ne.

Ana iya yin irin wannan haɗin da kowane jigo in an ɗan yi tunani. A kayan sha, Zoɓo ya ɗauki ja, Fura fari, Lemo ruwan goro, Shayi ruwan ƙasa. A kayan yaji, Barkono ja, Kurkum rawaya, Masoro baƙi, Citta ruwan madara, Na'ana'a kore. Tafarnuwa da Albasa suna da daɗin kira, amma a tuna su kansu guba ne ga kyanwa, kada sunan ya sa wani ya yi wasa da su kusa da faranti.

Ƙa'idar da ta fi jigon kansa muhimmanci ita ce kowa da harafinsa na farko. A kan sirinji, a kan murfin fida, a kan filastar da aka manna wa kwalbar magani, harafi ɗaya ake samun wurin rubutawa. Shi ya sa al'adar Faransa, inda masu kiwon maguna na asali ke fara sunayen duk 'ya'yan shekara da harafi guda, V a 2024, A a 2025, suna tsallake K da Q da W da X da Y da Z, ba ta dace da riƙo ba. Tana gaya maka shekarar haihuwa, amma sirinji biyar duk A ne. Jigo ya nuna ciki, harafi ya nuna mai shi. Wannan ƙa'idar na kashe jigogi masu kyau da yawa. Kayan kiɗa, alal misali, K ta cika su: Kalangu, Kotso, Kukuma, Kakaki, Kuntigi. Sai an tsince: Kalangu, Goge, Molo, Sarewa, Algaita, Taushi. 'Ya'yan itace ma haka, Kanya da Kurna ba sa zama tare, Goruba da Gwanda da Gawasa da Giginya ɗaya kawai za a ɗauka. Dabino, Magarya, Tsamiya, Goruba, Kurna sun yi ciki biyar lafiya. Bayan harafi sai amo: Kanya da Ɗinya harafi daban, amma ta waya ko daga wani ɗaki abu ɗaya kunne ke ji. Gaɓa biyu ta fi, uku ta yi, Kanumfari da Karan-miski kuwa kafin mako ya zagayo an gutsure su.

Kayan kwalama ne jigon da ba ya ƙarewa, kuma shi ya fi sa mutane murmushi a ƙarƙashin hoto: Alkaki, Dubulan, Nakiya, Fanke, Gullisuwa, Iloka, Cincin, Masa, Kantu. Ciki biyu za su fita daga nan ba a maimaita harafi ba. Yadi na da kyau ga masu sulɓin gashi: Shadda, Atamfa, Leshi, Boyel, Gezna. Yanayin sama ya dace da masu ruwan toka: Hadari, Raɓa, Yayyafi, Walƙiya, Guguwa, Marka. Duwatsu: Dala, Kufena, Magwan, Turunku, Fanisau. In uwa ta zo da 'ya'yanta, akwai wanda zai ji daɗin kiranta Kaza, saboda taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, 'ya'yan kuma su zama Gamzaki, Wata, Tauraro.

Tsofaffin kuɗi, na kafin naira ta shigo a 1973, jigo ne da ya cancanci a farfaɗo da shi: Anini, Ɗari, Kwabo, Taro, Sisi, Nai, Fataka. Harafi bakwai daban, amo daban, gajeru, ba ruwansu da namiji ko mace. Tarkonsa ɗaya: za a so a jera su bisa girma, ƙaramin ya zama Anini, babban Fataka. Ba laifi, amma kada a dogara da girman wajen gane su, don Anini na wannan makon kan wuce Taro a mako mai zuwa. Sule kuma a tsallake shi duk da yana cikin jerin, sunan mutane ne.

Batun sunan da ba ruwansa da jinsi ba ƙarami ba ne. Kafin mako uku zuwa huɗu har ƙwararru kan yi kuskure. Ana duba ƙarƙashin jela: na mace ramukan biyu kusa da juna suke, na ƙasan tsaga ce a tsaye, na namiji da ɗan tazara, na ƙasan zagaye. Launi na taimakawa kaɗan. Mai launi uku, baƙi da ruwan goro da fari, kusan kullum mace ce, ruwan goro zalla kuma galibi namiji, kamar huɗu cikin biyar. Amma baƙaƙe da masu zane-zane sai ido. In an sa Sarauniya ta zama muzuru, sai an bi takardu ana gyara. Kwabo kuwa Kwabo ne ko ya aka juya shi.

In biyu sun shaƙu, ana so a ba da su gida ɗaya, suna na iya yin rabin roƙon. Gizo da Ƙoƙi, Koko da Ƙosai, Turmi da Taɓarya, Allura da Zare, Shayi da Burodi. Wanda ya ga Allura ya san akwai Zare, kuma zai ji nauyin raba su. A nan ana iya ɗaga ƙa'idar harafi, tunda a lokacin an wuce fida.

Sunayen da za a kauce musu: na mutane, gaba ɗaya. A Amurka ana sa wa kyanwa Oliver ko Sophie ba wanda zai ɗaga gira. A gidan Bahaushe, sunayen ranaku sun yi kama da jigo shiryayye, bakwai cif, Ladi, Tani, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe, amma kowanne akwai mai shi a unguwa, wataƙila surukar gidan. Ka tsaya a tsakar gida kana ƙwala "Talatu, sauka daga kan tukunya", sai ka nemi mai sasanci. Kyanwar Lami ma ta karin magana ce, ba sunanta Lami ba. Sunayen annabawa da sahabbai ba a ma kawo su. Laƙabin Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo asali, wannan ya nuna matsayin dabbar, amma bai buɗe ƙofar juya abin ba. Aya ta ci ce a niyyar mai sa suna, a rubuce kuwa ba ta da bambanci da ayar Alƙur'ani, gara a bar ta. Garuruwan Hausa bakwai ma da jan hankali, sai dai mutane na ɗaukar sunan gari a matsayin nasu.

Ga mai riƙo a ƙasar waje akwai ƙarin tacewa. Sunan zai shiga manhajar gidan dabbobi, ya fito a ƙarƙashin hoto a Petfinder, dandalin intanet na nema wa dabbobi gida da aka kafa a 1996, ya kuma shiga rajistar maikurocif, 'yar na'urar nan kamar ƙwayar shinkafa mai lamba 15 da ake sakawa ƙarƙashin fata. A Ingila tun 10 ga Yunin 2024 dole ne a saka wa kowace kyanwar gida kafin ta cika mako 20. Ba kowace manhaja ke karɓar ƙ da ɗ da ɓ ba, ma'aikaci ma ba shi da su a kwamfutarsa, sai Ƙosai ya koma Kosai a takarda ɗaya, wata alama marar ma'ana a wata, bincike ya kasa haɗa su. A zaɓi marasa lanƙwasa: Zuma, Masa, Citta, Dala, Molo, Taro. A kuma saurari yadda sunan ke faɗowa a kunnen mutanen wurin. Nono, abokin Fura, ga Bature tsawa ce ta hani har sau biyu. Kaka, cikin jerin Bazara, Damina, Kaka, Hunturu, a Faransanci kashin yara ne, wanda 'yan Nijar ba sai an gaya musu ba.

Kada a damu cewa wanda ya karɓa zai canza sunan. Binciken da Atsuko Saito da abokan aikinta suka yi a Japan, suka wallafa a 2019, ya nuna maguna na rarrabe sunansu da sauran kalmomi, galibi da motsa kunne ko juya kai. Amma waɗanda ke zaune da yawa a shagon shayi na maguna ba su rarrabe nasu da na abokan zamansu ba, tunda duk sunan da aka kira abinci ko shafa na iya biyo baya. 'Yan ciki ɗaya a ɗaki ɗaya sun fi kama da waɗannan. Sunan riƙo na mai riƙo ne da likita da takarda, ɗan kyanwar zai koyi sabo cikin 'yan kwanaki a gidan da yake shi kaɗai ake kira. Abin da ya kamata ya bi shi shi ne takardar, da tsohon sunan a sama, don a iya haɗa tarihin allurarsa.

Takardar kanta layi biyar ne a tsaye: suna, launin maɗauri, inda aka rage gashi, nauyin yau, abin da ya sha ko ya ci. A auna a lokaci guda kullum, kafin ciyarwa, a sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya, da kwano a kai an mayar da shi sifili. A ɗauki hoton kowa ranar farko, fuska da ciki da tafin ƙafa, domin ko baƙaƙe wuluk akan sami mai farin gashi uku a ƙirji ko mai tafi ruwan hoda. A saya ƙunshi ɗaya na ƙaramin, mai launi 12 ya isa, a fitar da shidan da ke rarrabuwa a ajiye sauran don ɗaure wayar caja. A yanka wa kowa biyu tun ranar farko, ɗaya a wuya ɗaya na bushewa, kuma a riƙa cire na ɗan kyanwa ɗaya kawai a lokaci guda, a mayar masa kafin a taɓa na gaba.